La'ada tun kafin a sauke kaya

Ranar Juma'a, 31 ga Maris 2023, muna cikin azumi, na wuni a ɗakin jira na wata masana'anta a Sharada, Kano, da takarda mai shafi goma sha huɗu a jakata. Jirgin farko na biyo daga Abuja. Sa hannun mutum ɗaya nake jira. Ogana yana Legas, duk bayan rabin awa sai ya turo saƙo, ba sallama ba komai, alamar tambaya kawai. Ranar ce ƙarshen kwata, wato watanni ukun farko na shekara, kuma in sha biyun dare ta yi babu hannun Alhaji mai masana'antar a takardar nan, cinikin manhajar kwamfuta da na yi wata bakwai ina bi ya tsallake lissafi, ni kuma na faɗi taget, wato adadin cinikin da aka ɗora mini in kawo, karo na biyu a jere.

Sai bayan la'asar aka ce in shiga. Alhaji ya juya takardar, ya ɗaga gilashinsa ya dube ni.

"Yaro, wannan gaggawa ta mece ce? Kayan naku ruɓewa suke yi?"

"A'a, ranka ya daɗe. Rangwamen ne yake ƙarewa yau."

"Mutum nawa ka ce za su yi aiki da shi?"

"Ɗari da ashirin, ranka ya daɗe."

Ni da kaina na zagaya masana'antar watanni kafin nan, na ƙirga masu taɓa kwamfuta: ofishin akanta, 'yan sito, masu awo a bakin ƙofa, ofishin albashi, manajoji. Ba su wuce arba'in ba. Amma rangwamen da aka amince mini ba ya aiki sai lasisi, wato izinin da ake saya wa kowane mai amfani da manhajar, ya haura ɗari, kuma sai an ɗaure shekara uku, a dala. Na gaya wa Alhaji cewa kamfaninsa girma yake yi, gara ya saya da arha tun yanzu. Ban yi masa ƙarya tsagwaronta ba. Na dai zaɓi gaskiyar da zan faɗa, na bar wadda za ta hana shi ɗaukar biro. Ya sa hannu saura kaɗan a sha ruwa, ya ce in tsaya mu yi buɗa-baki. Na ci ƙosansa, na sha kununsa, na ɗauki hoton shafin ƙarshe na tura Legas.

Ba don in wanke kaina na kawo wannan labari ba. Laifina yana nan. Abin da nake so in ce shi ne, duk kamfanin da ya biya ɗan talla la'adarsa ranar da aka sa hannu, ba ranar da kayan suka yi wa mai saye amfani ba, to shi ya shirya wannan wunin nawa tun kafin a ɗauke ni aiki. Sannan ya dawo yana yi mana lacca a kan riƙon amana da cewa mu 'yan gida ɗaya ne.

Ga wanda bai san sana'ar ba: manhajar kamfanoni ba irin wadda kake saukewa a waya ba ce. Ita ce ke riƙe lissafin kuɗi, da kayan sito, da albashi, da bayanan abokan ciniki na banki ko masana'anta ko ma'aikatar gwamnati. Manyan masu ita sanannu ne: SAP na Jamus, da Oracle da Microsoft da Salesforce na Amurka. A ƙasashenmu galibi ba su suke sayarwa da kansu ba, akwai ƙananan kamfanoni wakilai da ke tsakani, a irin waɗannan na yi shekara shida. Ciniki ɗaya yakan ɗauki wata shida zuwa shekara, ka bi ta kan mai kula da kwamfutoci, da akanta, da ofishin sayen kaya, da lauya, kowa yana iya cewa a'a amma mutum ɗaya ne ke iya cewa i. Albashin ɗan talla a wannan fage a kan raba shi biyu, kusan rabi tsayayye, rabi la'ada in ka cika taget. In ka wuce taget, kason la'adar ya ƙaru, a ƙarshen shekara a kwashi zakaru a kai su yawon shaƙatawa. In ka faɗi sau biyu ko uku, a ba ka wata takarda da ake kira shirin gyara aiki, wadda kowa a ofis ya san hanyar ƙofa ce aka nuna maka cikin ladabi. Ranar farko ta sabuwar shekara kuwa kowa ya koma sifili, kuma taget ɗin bana ya ɗara na bara. Wanda ya yi bajinta bara, shi ake fi ƙara wa kaya.

Kowace Litinin da safe akwai taron hasashe. A haska allo, ga sunanka, ga cinikin da kake bi, oga ya tambaye ka ɗaya bayan ɗaya: wannan zai rufe a kwatan nan ko ba zai rufe ba? Abin da ban gane ba sai da na daɗe shi ne, taron nan makarantar ƙarya ce. In ka faɗi gaskiya cewa mai saye bai shirya ba, a ce ba ka da zuciya. In ka ce zai rufe, an rubuta, an tura sama, ya zama bashi a wuyanka. Oganka ma yana da nasa taron da nasa ogan a Dubai ko Johannesburg, shi ma wancan yana da nasa, har abin ya kai ga masu hannun jari da ke jiran rahoton wata uku. Matsin daga can yake gangarowa, kowane hawa ya ƙara masa nauyi, ya sauka a kan saurayin da ke zaune a ɗakin jira a Sharada da bakin azumi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Wani zai ce ai wannan halin 'yan Najeriya ne. Ko kusa. A 1990 Oracle ya kusa durƙushewa saboda wannan ɗabi'a: 'yan tallansa suna tura wa masu saye lasisi mai yawa a lokaci guda, ana rubuta kuɗin da ba su shigo ba a matsayin cinikin wannan kwata domin la'ada ta yi kauri. Da kuɗin suka ƙi zuwa, dole kamfanin ya sake lissafin ribar da ya sanar, ya sallami kusan kashi 10 cikin ɗari na ma'aikatansa. Shekara talatin da wani abu ke nan, a Kalifoniya. Kuma har gobe duk wani gogaggen mai sayen manhaja ya haddace kalandar masu sayarwa: shekarar kuɗi ta Oracle tana ƙarewa a ƙarshen Mayu, ta Microsoft ƙarshen Yuni, ta Salesforce ƙarshen Janairu, ta SAP ƙarshen Disamba. Jira yake yi sai makon ƙarshe, lokacin da ɗan talla ya zama kamar mai tumatir da yamma ta yi masa a kasuwa. Farashin da aka rantse ba a iya taɓawa a farkon kwata, sai ka ga ya zube. Sana'ar da mai saye ke cin riba da firgicin mai sayarwa, mai sayarwa kuma ke cin riba da rashin sanin mai saye, akwai abin dubawa a gindinta.

Na taso ina bin kawuna kasuwar shanu ta Wudil, kuma dillanci ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Dillali ma ai nan take yake karɓar la'adarsa, da an ce an sallama. To mene ne bambancin? Abu biyu. Na farko, saniya a gabanka take, ka duba haƙoranta, ka ga tafiyarta. Na biyu, wanda ya fi muhimmanci, dillalin yana nan mako mai zuwa a gindin bishiyar da ka same shi. In saniyar ta fito ta sata ce ko mai ciwo, shi za a kama, kuma akwai shugabannin dillalai da za a kai ƙara wurinsu. Sunansa shi ne jarinsa, ɗansa ma da sunan zai ci abinci. Manhaja kuwa ba a sanin kyanta ko muninta sai an yi shekara ana ɗora ta, ana kwashe tsofaffin bayanai ana zubawa, ana koya wa ma'aikata. Kafin lokacin ɗan tallan ya karɓi kuɗinsa, an miƙa mai saye ga wani sashe daban, shi kuma sau da yawa ya koma wani kamfani. A rukuninmu mu goma sha ɗaya ne lokacin da na shiga. Ranar da na bar wurin mutum biyu suka rage daga cikin na farko. Dillali ne da ba shi da gindin bishiya.

Kuma manyan ayyukan nan suna rushewa, ba a nan kaɗai ba. Lidl, babban kamfanin kantuna na Jamus, ya yi kusan shekara bakwai yana ɗora manhajar SAP, ya kashe abin da aka ƙiyasta ya kai Yuro miliyan 500, sannan a 2018 ya watsar da aikin ya koma tsohon tsarinsa. Majalisar birnin Birmingham a Ingila ta shiga aikin manhajar Oracle da kasafin fam miliyan 19, kuɗin suka yi ta hawa har aka fara maganar fam miliyan 100, aka ɗauki lokaci ba ta iya fitar da sahihin lissafin kuɗinta. Ban ce laifin masu manhajar ne kaɗai ba, masu sayen ma sun yi nasu ɓarnar wajen son a sauya komai ya dace da tsohuwar al'adarsu. Tambayata ƙarama ce: a irin waɗannan ayyuka, wa ya taɓa jin an ce ɗan talla ya dawo da la'ada?

Akwai inda abin ke wuce cusa wa mutum kayan da bai buƙata, ya shiga haram fili. A Janairun 2024 SAP ya amince ya biya sama da dala miliyan 220 ga hukumomin Amurka kan cin hanci da aka ba jami'ai domin samun kwangila, musamman a Afirka ta Kudu, inda sunayen Eskom da Transnet, kamfanonin gwamnati na lantarki da sufuri, suka fito, da Indonesiya. Takardun hukumar da ke sa ido kan hannun jari ta Amurka sun ambaci Ghana da Kenya da Tanzaniya da Malawi. A 2022 Oracle ya biya kusan dala miliyan 23 kan rassansa na Turkiyya da Indiya da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa. A 2019 Microsoft ya biya kusan dala miliyan 25, akasari kan abin da ya faru a Hangari. Dabarar da ta fito a shari'ar Oracle da ta Microsoft duk wanda ya yi aiki a kamfanin wakilci zai gane ta da ido rufe. Ɗan talla ya nemi babban rangwame daga hedikwata, ya ce abokan hamayya sun matsa. A ba shi. Rangwamen ya tsaya a hannun wakili, mai saye ya biya cikakken farashi ko kusa da shi, ratar da ke tsakani ta zama asusun da ake yi wa jami'ai alheri da shi. Ba taget ne ke sa mutumin kirki ya ba da cin hanci ba, na san waɗanda suka gwammace a kore su. Amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma wanda ya ce wa ma'aikaci "ban damu da yadda za ka yi ba, lambar nake so" ya san me yake faɗa, ko da kowace shekara yana sa shi kallon bidiyon yaƙi da rashawa ya danna cewa ya fahimta.

Abin da ya fi ci mini rai a al'adar ofisoshin nan shi ne romon bakan iyali. Marc Benioff, wanda ya kafa Salesforce a 1999 bayan ya yi shekara goma sha uku a Oracle, ya shahara da kiran ma'aikatansa da kalmar Ohana, wato iyali a harshen mutanen Hawai. A Janairun 2023 kamfanin ya sanar da sallamar kusan kashi 10 cikin ɗari na ma'aikata, mutum wajen dubu takwas, shi kuma ya ce sun ɗauki mutane fiye da kima a lokacin korona kuma ya ɗauki alhakin hakan. Ya ɗauki alhaki, su kuma suka ɗauki jakunkunansu. A 2024 Microsoft ya rufe cibiyar injiniyoyinsa da ke Ikoyi a Legas, wadda aka buɗe da biki, kuma ba a Legas aka yanke hukuncin ba. Ban ce kamfani ba shi da ikon rage ma'aikata ba. Kasuwanci ne. Amma Bahaushe ya san mene ne gida: ɗan da bai noma komai bana ba, ba a hana shi tuwo. Gara mini Netflix, da suka fito ƙarara suka ce su ƙungiyar 'yan wasa ce ba iyali ba, wanda bai taka leda ba a sauke shi. Wannan aƙalla ka san inda ka tsaya, ka yi tanadi. Amfanin kalmar iyali a ofis guda ɗaya na gani: ita ke sa ka ji kunyar ƙin amsa saƙon oga ƙarfe goma sha ɗayan dare, ka ji kamar ka ci amana in ka ce ranar Juma'a ƙarfe biyu kana masallaci, ka bar sunan ɗan ƙanwarka domin kwata na rufewa. 'Yan'uwanmu mata da ke tallan banki sun riga mu sanin wannan wahala ta taget, tasu ma ta fi muni, don su akwai abin da wasu masu kuɗin ke nema wanda ba ya cikin takarda.

Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ɗan Alhaji, wanda ya dawo daga karatu a waje, shi ya nace sai babban suna, ko da yake akwai ƙaramar manhaja da za ta yi musu aikin a kan kaso kaɗan na kuɗin. A ma'aikatu kuwa na ga inda ake sayen manhaja don kasafin kada ya koma, ko don a samu tafiyar horo. Mai saye da yawa ba ya tambayar abin da zai biya a shekara ta biyu, alhali a tsohon tsarin lasisi kuɗin kulawa na shekara yakan kai kashi 22 cikin ɗari na farashin, wato cikin shekara biyar ka sake sayen kayan.

Wani abokina da har yanzu yake cikin sana'ar, kuma yana cin moriyarta, yakan ce mini in aka cire taget kowa barci zai yi, kamfani ya mutu, kuma babu wani aikin ofis da ɗan talaka mai baki zai samu irin kuɗin nan ba tare da ubangida ba. Duk biyun gaskiya ne. Da la'adar manhaja na gina ɗaki biyu a gidanmu, na kai mahaifiyata Umara, kuma a nan na koyi yadda ake karanta lissafin kamfani da yadda ake magana da mai kuɗi ba tare da rawar murya ba. Ban ce a soke taget ba. Cewa na yi a sauya abin da ake aunawa. A raba la'ada uku: kaso ranar sa hannu, kaso ranar da ma'aikata suka fara aiki da manhajar a zahiri, kaso ranar da mai saye ya sabunta da son ransa. Lasisin da aka yi shekara ba wanda ya buɗe shi, a cire kuɗinsa daga la'ada. Kuma a ɗaure ladan oga da na ogan oga da wannan igiya, in ba haka ba an ƙara wa kura bugu ne kawai. Ba mafarki ba ne: inda ake biya gwargwadon amfani, kamar hayar rumbun kwamfuta na Amazon, cusa wa mutum abin da ba zai taɓa ba ba ya kawo kuɗi, kuma Microsoft da kansa ya karkata ladan 'yan tallansa zuwa ga yawan amfani da Azure, nasa rumbun kwamfutar na haya, maimakon girman takardar da aka sa wa hannu. Abokina ya ce to yaya za a hukunta ɗan talla a kan aikin injiniyoyin da suka ɗora manhajar? Na ce masa ai nan ne maganar take. Ranar da kuɗina suka rataya a kan aikin, zan daina yi musu alkawarin abin da manhajar ba ta iyawa, zan je in zauna a taron ɗorawa, kuma da Alhaji ya tambaye ni mutum nawa, da na ce arba'in. Mun sha ji a wurin malamai cewa mai saye da mai sayarwa in suka yi gaskiya suka bayyana aibi ana sa wa cinikinsu albarka. Ban ga dalilin da zai sa a tsara albashi ta yadda duk mai bin wannan sai ya kwana da yunwa ba.

A watan Yunin 2023 Babban Banki ya saki naira ta nemi farashinta. Dalar da take wajen naira 460 a hukumance lokacin da Alhaji ya sa hannu, kafin biyan shekara ta biyu ya zo ta haura 1,500. Ni a lokacin na riga na koma wani kamfani, wani yaro aka ba fayil ɗin. Sai a wata ta'aziyya a Gwammaja na haɗu da akantan masana'antar, muka koma gefe bayan addu'a. Na tambaye shi aiki. Ya yi dariya ya ce manhajar tana aiki, ba laifi, su talatin da 'yan kai suke amfani da ita, amma 'yan sito har yanzu sai sun rubuta a babban littafi tukuna, da yamma wani ya kwafe. Na ce sauran lasisin fa? Ya ce da lokacin biya ya zo, ɗan Alhaji ya ji tsoron kada mahaifinsa ya ga guraben a wofi, sai ya sa aka cike su da sunaye. Yanzu direbobi da masu gadi da mai dafa shayi duk suna da lasisi a dala.

Da zan tafi ya riƙe hannuna ya ce, "Af, Alhaji kuwa yana tambayarka. Ya ce ina yaron nan mai gaggawa, ko gaisuwa ba ya zuwa."

Na ce in sha Allahu zan shigo. Sau uku ke nan ina zuwa Kano tun daga ranar, ban bi ta Sharada ba.